Daga Sin Zuwa Kilomita Biyar: Wa Ke Rubuta Sunan Ɗanka?

Ga abin da muka tattauna a filin tarihi na wannan karo, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana layin duwan.

Hausawa na cewa suna linzami ne. To, linzamin nan igiya uku gare shi. Akwai ma'anar suna, akwai yadda ake furta shi, akwai kuma yadda ake rubuta shi. Mu a nan, ranar suna muna kula da biyun farko. Liman ya raɗa, a yanka rago, a raba goro, kowa ya yi addu'a ya watse. Na ukun, wato rubutu, sai mu bar wa wani ma'aikaci da bai halarci sunan ba, wataƙila ma bai taɓa jin irin sunan ba. Akwai wata al'umma da ta ɗauki rubutun nan a matsayin shi ne sunan kansa, su ne Sinawa, mutanen ƙasar da 'yan kasuwa ke cewa Caina. Za mu fara da su, sannan mu dawo gida mu ga abin da alƙalamin wani ya yi wa sunayenmu.

Rubutun da ya fara da saniya da wuri

Sinawa ba su da abajada irin ta Larabci ko ta boko. Kowace alama a rubutunsu gaɓa ɗaya ce, kuma tana ɗauke da ma'anarta. Mafi tsufan rubutunsu da aka tono yana kan ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru, a wani wuri da ake kira Anyang, ya kuma haura shekara 3,000. Ƙamusun da aka kammala a 1716, zamanin Sarki Kangxi, ya tara alamomi sama da 47,000, amma mai alama 3,000 a ka zai karanta jarida.

Makiyayi zai ji daɗin wannan rubutu. Alamar saniya, da suke furtawa "niu", asalinta zanen kan sa ne da ƙahonni biyu. Alamar tunkiya, "yang", ita ma ƙahonni ne. In suna so su rubuta kiwo, "mu", sai su ajiye saniya a gefe guda, a ɗaya gefen hannu riƙe da sanda. Kun ji fa, Bafulatani da sandarsa. Kalmar kyau, "mei", wadda ake yawan sa wa 'ya'ya mata, tunkiya ce a sama da alamar girma a ƙasa, kuma tsoffin malamansu sun fassara ta da cewa babbar tunkiya ita ce abu mai kyau. Wanda ya taɓa zaɓen ragon layya ba zai yi musu ba.

Ɗan kasuwa ma yana da rabonsa. Kafin a ƙera kwabo, Sinawa da wuri suke ciniki, kamar kakanninmu. Mu har yau muna cewa kuɗi, wanda jam'in wuri ne. Su kuma zanen wurin ya zauna a cikin alamomin dukiya, da haja, da tsada, da araha, har da ɓarawo. Alamar talauci kuwa, kalmar rabawa ce a kan wuri: dukiya in aka yi ta rarraba ta, ta ƙare.

Ba duka alamomin ne zane ba. Mafi yawansu rabi biyu ne, rabi ya nuna ma'ana, rabi ya nuna sauti. Kalmar doki "ma" ce. Kalmar uwa ma "ma" ce, sai dai muryar ta bambanta, kamar yadda Bahaushe ke raba gari na zama da gari na tuwo. Don haka suka rubuta uwa da alamar mace a haɗe da alamar doki: macen don ma'ana, dokin don sauti. Wannan ne ya sa in Basine ya faɗi sunansa, sai a tambaye shi, da wace alama? Mutum biyu za su iya amsa kira ɗaya, amma sunan wannan hasken safiya ne, na wancan dutse mai daraja.

Yadda suke zaɓe

Sunan Basine gajere ne, gaɓa biyu ko uku. Na dangi ke zuwa farko, kuma gadonsa ake yi. Sunayen dangin ba su da yawa: Wang da Li da Zhang, kowane ɗaya mutum sama da miliyan 90 ke amsa shi. Saboda haka duk dabarar iyaye tana kan alama ɗaya ko biyun da suka rage. A nan ake zama a auna ma'ana, a auna daɗin furuci, a duba kada sautin ya yi kama da wata mummunar kalma, har a duba kyan alamar a ido. Wasu na zuwa wurin masu duba su lissafa sa'ar haihuwa, a ce yaro ya rasa ruwa ko itace a taurarinsa, a ƙara masa a suna. Wannan al'adarsu ce, musulmi ba ruwansa da duba. Abin lura shi ne, ba a tashi daga zaman sai an san yadda za a rubuta.

A da, manyan gidaje na da alamar tsara. Duk 'ya'yan da ke sahu ɗaya a dangi suna tarayya a alama guda. Mao Zedong, ƙannensa Mao Zemin da Mao Zetan ne. Shugabansu na yanzu Xi Jinping, "jin" kusa ne, "ping" kwanciyar hankali ko daidaito, ƙaninsa kuma Yuanping, "yuan" nesa. Da ka ga rubutun ka san gidan, ka san sahun.

Sunayensu na kuma ba da labarin zamani. Yaran da aka haifa bayan kafa sabuwar gwamnati a 1949, da yawa an sa musu Jianguo, wato gina ƙasa. Na lokacin yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, akwai Yuanchao, taimakon Koriya. Bayan 1966 aka sami masu suna Weidong, kare Dong, wato Mao. Da wasannin Olamfik na 2008 suka zo Beijing, dubban yara sun sami sunan wasannin. Mu ma ai haka muke. Wanda aka haifa ana ruwa Anaruwa ne, na watan azumi Ɗan'azumi ko Azumi, na ranar salla Sallau, na Alhamis Ɗanlami ko Lami, na Laraba Bala ko Balaraba.

Har tsoron mutuwar yara iri ɗaya ne. A ƙauyukan Sin a da, uwar da ke fargaba takan kira jaririnta da suna marar daɗi, irin su Gousheng, wato ragowar kare, don mugun abu ya raina shi ya wuce. Mu kuma mai wabi takan ce Ajuji, ko Ayashe, ko Bawa. Gidan da ke neman ɗa namiji a Sin kan sa wa 'ya mace Zhaodi, mai kiran ƙane. Mu namijin da ya zo bayan mata Tanko ne, macen da ta zo bayan maza Kande ko Delu.

Inda muka rabu shi ne wajen girmama manya. Basine ba ya sa wa ɗansa sunan mahaifinsa, a wurinsu rashin kunya ne. A zamanin sarakunansu ma, alamar da ke cikin sunan sarki haramun ce a rubuta ta cikakkiya, ɗalibi na iya faɗuwa jarrabawa a kan haka. Mu kuwa mayar da suna muke yi, a sa wa jariri sunan kakansa, sannan alkunya ta hana a faɗa, sai a koma Abba, Baba, Ummi, Inna. Su sun ɓoye a rubutu, mu mun ɓoye a baki. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Muhammadu da ya koma doki

Akwai musulmi a Sin tun ƙarnonin farko na Musulunci, fatake ne suka kai shi ta teku da ta tudu. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya Guangzhou sun san masallacin Huaisheng, wanda ma'anar sunansa ita ce tunawa da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Sun kuma san alamomi biyu da ake nema a ƙofar gidan abinci, "qing zhen", tsarki da gaskiya, wato halal.

Da gidan sarautar Ming ya hau mulki a 1368, aka matsa wa baƙi su bar sutura da harshe da sunayen waje. Musulmi suka nemi mafita. Suka ɗauki gaɓar farko ta sunansu, suka nemo alamar Sinanci mai irin sautin. Muhammad ya koma Ma, aka rubuta shi da alamar doki. Hasan ya koma Ha. Zuriyar Nasruddin, ɗan Sayyid Ajall wanda ya yi gwamnan lardin Yunnan ya rasu a 1279, suka yanka sunan kakansu gida huɗu: Na, Su, La, Ding. Har yau Ma shi ne sunan da ya fi yawa a cikin musulmin Hui. Kuma har yau jaririnsu suna biyu yake samu: liman ya raɗa masa na Musulunci, Yusuf ko A'isha, iyaye su zaɓi na takarda.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Ma He, wanda aka haifa a Yunnan a 1371, mahaifinsa da kakansa duk alhazai. An kama shi yana yaro aka kai shi fada. A 1404 sarki ya canja masa suna zuwa Zheng He, kuma da wannan suna ya jagoranci manyan jiragen ruwa sau bakwai tsakanin 1405 da 1433, har gaɓar Mogadishu da Malindi. A wannan zamani ne aka kai raƙumin dawa fadar Sin. Duniya ta san shi da sunan da sarki ya ba shi, na gidan ubansa sai masu bincike.

Haka suke yi wa sunayen ƙasashe, su zaɓi alama mai sauti kusa. Amurka "Mei", ƙasar kyau, da tunkiyar nan tamu. Faransa "Fa", ƙasar doka. Bangui suna rubuta ta "Ban-ji", alama ta biyun ma'anarta sa'a. Ƙasarmu kuwa "Zhong-Fei" ce, tsakiyar Afirka, kuma da alamomin nan biyu dai suke taƙaita "Sin da Afirka", domin su ma ƙasar tsakiya suke kiran tasu.

Unguwar da sunanta awo ne

To, mu dawo gida. Faransawa suka kafa Bangui a 1889 a bakin kogin Ubangi. Fataken Hausawa da Barebari kuwa sun riga sun san yammacin ƙasar, suna gangarowa daga Ngaoundéré ta Kunde tun ƙarshen ƙarni na 19, da shanu da tufafi da kanwa, su koma da goro da hauren giwa. A arewa maso gabas akwai daular Dar al-Kuti, wadda Faransawa suka kashe sarkinta Sanusi a Ndélé a 1911. Mbororo suka shigo da garkunansu daga Kamaru a shekarun 1920 ta wajen Bouar, daga baya suka kai Bambari. Bayan 'yancin kai aka ba makiyaya gundumominsu, irin su Niem-Yelewa da Ouro-Djafoun. Kunnen Bahaushe zai ji yalwa a na farko, na biyun kuma Fulatanci ne tsantsa, garin Jafun. Sunayen nan shaida ne cewa ba jiya aka zo ba.

Bature ya riƙe bakin kogi ya tura unguwannin baƙar fata nesa da shi. Wurin da kasuwa ta kafu, nisansa kilomita biyar ne daga tsakiyar gari, sai awon ya zama suna: PK5, ko "Senk Kilo" a bakin 'yan gari. Haka PK12 a ƙofar arewa, da PK13 inda aka daɗe ana cin kasuwar shanu. Amma a cikin unguwar mutane sun raɗa nasu. Akwai unguwar Sénégalais, akwai Camerounais, akwai Gbaya-Dombia, akwai Mamadou-Mbaïki, sunan musulmi a manne da sunan garin Mbaïki na Lobaye. Babban titin da ya ratsa, wanda Babban Masallaci ke kusa da shi, sunan Laftanar Georges Koudoukou ne, sojan ƙasar nan da ya rasu a 1942 bayan raunin da ya samu a yaƙin Bir Hakeim a hamadar Libiya.

Malamanmu na da rubutu tun kafin Bature. A allo, Muhammadu baƙi huɗu ne: mim, ha, mim, dal. Daga Sakkwato har Abeche haka yake, ko a Guangzhou ka rubuta shi liman zai karanta. Amma takardar hukuma ba da ajami aka yi ta ba. Akawun Ingilishi ya rubuta abin da kunnensa ya ji, na Faransa ya rubuta nasa. Ku dubi shugabannin yankin nan: Muhammadu Buhari a Najeriya, Mamadou Tandja da Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum a Nijar, Mahamat Idriss Déby a Chadi. Suna ɗaya, rubutu biyar. Usman ya zama Ousmane, Ousman, Oussoumanou. Abubakar ya zama Aboubakar, Abakar, Bouba, Boukar. Husaini ya zama Hissène ko Ousseini. Faransanci ba shi da ɗ da ɓ da ƙ, yana rubuta j da "dj", c da "tch", u da "ou".

Sai matsala ta biyu. Takardar Bature gurbi biyu gare ta, na dangi da na mutum, "nom" da "prénom". Basine ya iske gurbin nan daidai da shi. Mu ba mu da sunan dangi da ake gada, sunanka da na mahaifinka ne kawai. A Najeriya 'yan makarantar farko suka cike gurbin da sunan gari, aka sami Abubakar Tafawa Balewa, Aminu Kano, Shehu Shagari. A ɓangaren Faransa wani akawu ya sa sunan uba a gaba, wani ya sa shi a baya, wani ya ɗauki na kaka. Sai ka ga 'yan uwa uku ciki ɗaya, kowa da "nom" ɗinsa daban.

Ta uku ita ce alkunyar da na ce ku riƙe. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle Bafulatana. Matar aure ba ta faɗin sunan miji. In ma'aikaci ya tambaya, laƙabi za a ba shi: Garba maimakon Abubakar, Shehu maimakon Usman, Sanda maimakon Umaru, Indo maimakon A'isha, Dikko ko Sambo ko Yero maimakon sunan yanka. Katin rigakafi ya ɗauki laƙabi, makaranta ta ɗauki sunan yanka, takardar haihuwa kuma in akwai ta, ta ce "né vers", an haife shi wajajen shekara kaza. Mutum ɗaya ya zama uku.

Lokacin da masu mulki suka taɓa suna

Sarakunan zamani ma sun san ƙarfin suna. A 1 ga Disamba 1958 Barthélemy Boganda ya mayar da Ubangi-Shari Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A tsallaken kogi Mobutu ya mayar da Kwango Zaire a 1971, shekara ta gaba ya jefar da Joseph-Désiré ya tilasta wa jama'a barin sunayen Turawa. A Chadi a 1973 François Tombalbaye ya koma Ngarta, Fort-Lamy ta koma N'Djamena. Mu ma Fort-Crampel ta koma Kaga-Bandoro. Catherine Samba-Panza, wadda ta riƙe ƙasar daga 2014 zuwa 2016, an haife ta a Fort-Lamy a 1954, garin da yau ba za ka same shi da wannan suna a taswira ba.

A 1976, da Gaddafi ya ziyarci Bangui, Jean-Bedel Bokassa ya musulunta ya zama Salah Eddine Ahmed Bokassa. Kafin shekarar ta fita ya ajiye sunan, ya mayar da ƙasar daula, a 4 ga Disamba 1977 ya naɗa kansa sarkin sarakuna. A 1979 aka kifar da shi, sunan jamhuriya ya dawo. Mai mulki na sa suna ya tuɓe kamar hula. Talaka kuwa harafi ɗaya in ya kauce, sai ya kwana a shinge.

Shekarun da suna ya zama hukunci

Tun kafin rikici, mai sunan musulmi a ƙasar nan ya saba da a kalle shi a ce baƙo ne, ɗan Chadi ne, ko da a Kilomita Biyar aka binne cibiyar kakansa. Shi ya sa iyaye da yawa, musamman a arewa maso gabas, suka riƙa ƙara wa yaro sunan Kirista a makaranta don hanya ta buɗe masa, dabara irin ta musulmin Sin. Shugaba musulmi na farko a ƙasar, wanda Seleka ta kawo a 24 ga Maris 2013, sunansa Michel Djotodia.

Abin da ya biyo baya kun fi mu sani, da yawanku a jikinku ya faru. Seleka ta yi ta'asa a kan jama'a. A 5 ga Disamba 2013 anti-balaka suka afka wa Bangui. Djotodia ya sauka a 10 ga Janairu 2014, musulmi suka yi ta ficewa a manyan motoci zuwa Kamaru da Chadi. Birnin da ke da musulmi sama da 100,000 ya koma saura kimanin 15,000, kusan duka a killace a Kilomita Biyar. A kwanakin nan tambayar "yaya sunanka" na iya zama ajali, a shingen wannan ɓangare ko na wancan. A 2015 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan musulmin da suka rage a yammacin ƙasar, waɗanda aka hana salla a fili, aka tilasta wa wasu barin addini.

Waɗanda suka tsira suka iske wata wahalar a gaba. Gidaje sun ƙone da takardu, rajistar ma'aikatun magajin gari da yawa ta salwanta. A Gado-Badzéré da Lolo da Mbilé da Timangolo a Kamaru, a Doyaba da Gaoui a Chadi, an sake rubuta sunaye daga baki, kowane ma'aikaci da kunnensa. Wasu da aka kwashe zuwa Chadi a matsayin 'yan ƙasar da suka dawo gida, ba su taɓa taka ta ba. Nan an ce ba 'yan nan ba ne, can ba su da takardar can. Kuma masu sa ido kan haƙƙin ɗan Adam sun sha ba da rahoton cewa mai sunan musulmi in ya je neman katin ɗan ƙasa, akan nemi ya kawo takardun iyaye har da na kakanni, abin da ba a tambayar maƙwabcinsa.

A cikin duhun nan akwai abin tunawa. Imam Omar Kobine Layama, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2020, ya sami mafaka watanni a gidan babban limamin Katolika na Bangui, Dieudonné Nzapalainga. Ku fassara sunan nan: Dieudonné da Faransanci Allah ya bayar, kamar Kyauta a wurinmu. Nzapalainga da Sango, Allah ne ya sani. Wane musulmi ne bai faɗi haka ba yau da safe? A 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shigo Kilomita Biyar ya zauna a Babban Masallaci, shi ma sunan da ya zaɓa wa kansa ne a 2013, na haihuwarsa Jorge Mario Bergoglio. Da mutane na tambayar ma'anar sunan juna kafin su yanke hukunci, da an ga yawancinsu addu'a ɗaya ce da harsuna daban. Boganda ya riga ya faɗa: zo kwe zo, kowane mutum mutum ne.

Kwamfuta ba ta san alkunya ba

A da jandarma zai kalli fuskarka, ya ga Ousmane da Ousman mutum ɗaya ne, a yi ciniki a wuce. Yanzu fasfo da katin ɗan ƙasa da layin waya da aika kuɗi duk na'ura ce ke tantancewa, ita kuwa ba ta jin magiya. Sinawa da kansu sun ɗanɗana. Da suka fara sabon katin ɗan ƙasa a 2004, masu suna da alamar da ba ta cikin kwamfuta suka rasa yadda za su yi, wasu dole suka canja. A 2013 gwamnatinsu ta fitar da jerin alamomi 8,105 na amfanin yau da kullum. In haka ta sami masu rubutun shekara 3,000, ina ga wanda sunansa ke yawo a baki?

Ba sai mun bar sunayenmu ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya canja wa wasu sahabbai sunaye marasa kyan ma'ana, malamai kuma sun lissafa kyakkyawan suna cikin haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa. A wannan zamani haƙƙin bai cika ba sai da rubutu. Ranar suna, bayan liman ya raɗa, a samu mai boko a gidan ya rubuta sunan yanka da baƙaƙen da za a yi amfani da su, liman ya rubuta na ajami a gefe, a ajiye. A yanke shawara sau ɗaya wane suna ne zai zauna a gurbin "nom", kuma duk 'ya'yan gidan su ɗauke shi da harafi iri ɗaya, kamar yadda yake a takardar mahaifinsu, ko da ba haka kuka so a rubuta ba. In alkunya ta hana uwa faɗa a asibiti, ta miƙa takardar, ba sai ta buɗe baki ba. A je ma'aikatar magajin gari da wuri, domin in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu an nemi "jugement supplétif", da shaidu da kuɗi da zirga-zirga. Kafin ka bar gaban ma'aikaci, a karanta maka harafi-harafi. Makiyayin da haihuwa ta same shi a daji, ya sanar da arɗo, a rubuta rana da wuri, da an sauko gari a yi rajista. Sannan a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a tura wa ɗan uwa da ke wata ƙasa, saboda mun ga abin da wuta ke yi.

Makiyayi ya san kowace saniya a garkensa da sunanta, ya san uwarta da kakarta, ja ce ko fara, ba ya ruɗewa ko cikin dare. Ɗan kasuwa ba ya barin lambar kwantenarsa ta kauce da harafi ɗaya tsakanin Guangzhou da Douala. Yaron da aka yanka wa rago ya fi saniya, ya fi kwantena.

Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Masu tambaya ko ƙarin bayani kan asalin wani suna, ku aiko ta hanyar da kuka saba, za mu karanta a shiri na gaba.